Matambayi Ba Ya Ɓata: Kwantai a Caina, Kwantai a Gida

Tun da bakina ya suɓuce a fitowar da ta wuce na ce na taɓa zaman shekara uku a Caina ina karatun aikin gona, wasiƙu suke ta shigowa. Na zaci za a tambaye ni taki ko irin shinkafa, ashe duk a kan mata ne. Na zaɓi huɗu. Ta farkon ce ta cinye mini fili, don ita ce ta hana ni barci. A rumfar ƙofar ɗakina nake rubutun nan, maƙwabta suna sussukar gero, in kun ji ƙaiƙayi a ciki ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni uwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Yarinyar wajena ta fari shekararta 26, ta gama digiri ta yi bautar ƙasa, yanzu ta samu gurbin ƙaro karatu a Caina. Mahaifinta ya rasu. Baffanta ya ce ba inda za ta, wai matan can ba su da kunya, ba sa aure, ba sa haihuwa, za ta dawo ta fi ƙarfin kowa, ga shi dama an fara cewa ta yi kwantai. Ita kuma ta ce can ne ake daraja mace, har sararin samaniya suke zuwa. Ni na rasa na kamawa. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ji ƙan malam, ya raya abin da ya bari.

Baffa hoto ya gani, yarinya ma hoto ta gani, kuma duka biyun a Caina aka ɗauke su. Abin da na lura da shi a zamana a lardin Henan daga 2016 zuwa 2019 shi ne, a ƙasar nan hoton macen kirki ba ya daɗewa a bango. Da zarar abin da hukuma ko kasuwa take so daga jikin mace ya sauya, sai a sauke wannan a liƙa wani.

Bari in fara da bango na gaske. Ƙawata da muke gwajin alkama tare ta kai ni ƙauyensu hutun sabuwar shekararsu. A katangar wani ɗakin ajiya akwai rubutu da jan fenti sabo fil, a ƙarƙashinsa kuma ana hango wani tsoho da aka shafe da farar ƙasa bai shafu duka ba. Na ce ta karanta mini. Tsohon yana cewa haihuwa ɗaya ita ce daidai. Sabon yana kwaɗaita wa mutane su yi biyu. Ta kwashe da dariya ta ce, "Kuma mai fentin ɗaya ne." Uwarta tana tsaye da kwandon kabeji, ko murmushi ba ta yi ba. Sai da dare na ji dalili. Dokar ɗa ɗaya da ta yi aiki daga wajen 1980 zuwa ƙarshen 2015 tana da wata kafa a ƙauyuka da yawa: in ta fari mace ce, ana barin a sake gwadawa sau ɗaya. Ki dubi abin da wannan kafar take faɗa game da 'ya mace ba tare da an furta ba. To ita uwar ta yi mace, ta sake yin mace, wato ƙawar tawa, sannan ta yi namiji a ɓoye. Aka ci su tara mai nauyi, aka juya mata mahaifa ba da shawararta ba. Sunan da aka raɗa wa ƙawar tawa irin sunan nan ne da ya cika ƙauyukansu, Zhaodi, ma'anarsa "jawo ƙane". Mu nan muna da Kande da Delu, sunan mace da ta biyo bayan maza, kuma da ɗoki ake kiransu. Ita kuwa duk wanda ya kira ta yana tuna mata cewa ba ita ake jira ba. Suna da karin magana ma, wai 'yar da aka aurar ruwa ce da aka watsar.

Kafin wannan bangon an yi wasu. Kusan shekara dubu ana naɗe ƙafar 'yan mata tun suna ƙanana, a lanƙwashe yatsun su koma ƙarƙashin tafin, har ƙafar ta tsaya kamar santimita goma. Wannan shi ne kyau a lokacin, shi ne abin sha'awar maza, shi ne tikitin auren gidan arziki. An haramta shi a 1912, amma ya daɗe bai mutu a karkara ba. Tarbiyyar zamanin kuma biyayya uku ce: kafin aure ta bi uba, bayan aure ta bi miji, miji ya mutu ta bi ɗanta. Wadda mijinta ya mutu ta ƙi sake aure har tsufa, fada takan sa a gina mata ƙofar dutse a bakin gari don a yi koyi da ita, wasu ƙofofin suna nan tsaye har yau. Mu da ake fita takaba masu zawarci su fara sallama, wannan sai ya zo mana banbaraƙwai.

Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1949 sai aka juya allo. Dokar aure ta 1950 ta hana auren dole, ta hana ajiye ƙwaraƙwarai, ta ba mace damar neman saki. Ba ƙaramin abu ba ne, kada mu rage musu. Aka yi ta yaɗa maganar da ake jingina wa shugabansu Mao cewa mata ne ke tallafe da rabin sama. Hoton macen kirki ya koma na mai ƙarfi: gajeren gashi, riga da wando shuɗi iri ɗaya da na maza, fuska ba hoda. Ana ce musu 'yan matan ƙarfe. Wata mai suna Liang Jun, wadda aka sani da mace ta farko da ta tuƙa tarakta a ƙasar, ita ake cewa aka zana a takardar kuɗinsu ta yuwan ɗaya ta shekarun 1960. Sai dai daidaiton nan na cewa mace ta zama kamar namiji ne a gona da masana'anta. In ta dawo gida tukunya da wanki suna nan suna jiranta. Kwalliya ta zama alamar 'yan jari-hujja, maganar sha'awa kuwa ba a yin ta sam. Wadda aka zarga da bin maza sunanta "yagaggen takalmi", kuma a zamanin juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 akan rataya wa irinsu tsofaffin takalma a wuya a zaga gari da su.

Mao ya mutu a 1976, aka buɗe kasuwa daga 1978, sai 'yar ƙarfe ta zama abin dariya. Masu talla suka kawo tasu: fara, ƙarama, siririya. Shekarar da na sauka ake yayin wani abu a waya, budurwa ta ɗauki farar takardar nan ta ofis ta kara a cikinta a tsaye, in takardar ta rufe ƙugun to ta ci gasa. Faɗin takardar santimita 21 ne. Na auna a ɗaki ni kaɗai, sai da na haɗa biyu. Mu nan ana shan maganin ƙiba, su can ana kwana da yunwa don a rame, a man bilicin ne kaɗai muka yi tarayya. Sunayen zagi ma suka sabunta. Wadda take soyayya da mijin wata "ƙaramar ta uku" ce. Wadda ta yi kama da salaha amma ake zargin tana farautar masu kuɗi "koren shayi" ce. Na tambayi ƙawata me ake ce wa shi mijin da ya ajiye ta ukun, ta yi shiru tana tunani, ta ce akwai, amma ba ya kama mutum kamar na mata.

Yanzu ga inda wasiƙarki ta taɓa ni. Kalmar da ake jifar 'yarki da ita, kwantai, suna da irinta sak. Suna cewa sheng nu, kuma sheng ɗin nan shi ne dai wanda ake faɗa wa ragowar abincin jiya. A 2007 ma'aikatar iliminsu ta sa ta cikin jerin sababbin kalmomi, kafofin gwamnati suka ɗauka, har da shafin babbar ƙungiyar mata ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1949 don kare mata. Ma'aunin shekara 27 ne. Kuma ba kowace ake nufi ba, masu ilimi da albashi na birni ake nufi, ana ce musu sun cika ruwan ido, su sassauta su yi aure kafin su zama ɗumame. Akwai barkwancin da na ji ya fi sau goma a jami'a, wai jinsin mutane uku ne: maza, mata, da mace mai digirin dakta. A wani lambu da ke tsakiyar Shanghai na ga iyaye jere ranar Asabar, kowa ya buɗe lema a ƙasa ya manna takarda a kai: shekarar haihuwa, tsawo, albashi, akwai gida ko babu. Kamar kara ranar kasuwar Maigatari, sai dai dabbar tana ofis ba ta ma san an kawo ta ba.

To amma wa ya yi kwantan? Ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata yawa da kusan miliyan 35. Son ɗa namiji ya haɗu da dokar ɗa ɗaya da na'urar hoton ciki, aka yi ta zubar da cikin mata, har a 2004 ana haifar maza kusan 121 a kan kowace mace 100. Hukuma ta hana likita faɗin jinsin abin da ke ciki, ta rubuta a bango cewa mace da namiji duk ɗaya ne, amma aikin gama ya gama. Mazan ne suka yi yawa, matan ne aka ba sunan.

Baffa yana da gaskiya a wuri ɗaya: aure ya ragu. A 2013 an yi rajistar aure sama da miliyan 13, a 2024 kuwa miliyan 6 da ɗan ɗoriya. Yawan jama'ar ƙasar ya fara raguwa a 2022. Shi ya sa hukumar da ta ci uwar ƙawata tara ta ba da izinin biyu a 2016, uku a 2021. Daga farkon 2021 duk ma'auratan da suka je raba aure bisa yardar juna sai sun jira kwana 30 wai zuciya ta huce. A shekarar ce kuma aka umarci gidajen talabijin su daina nuna maza masu lanƙwasa da kwalliya irin ta mata. A Oktoban 2023 shugaba Xi Jinping ya gaya wa shugabannin ƙungiyar matan nan cewa a gina sabuwar al'adar aure da haihuwa. An sake fenti ke nan, yanzu macen kirki ita ce uwar 'ya'ya uku. Inda Baffa ya kuskure shi ne dalilin. Ba rashin kunya ba ne. Abin da na ji 'yan matan suna faɗa shi ne tsadar gida, tsadar tarbiyyar yaro, aiki daga tara na safe zuwa tara na dare kwana shida, da mai ɗaukar aiki da zai tambaye ki yaushe za ki haihu kafin ya duba takardunki. Ga kuma gidan da aka saya da sunan miji, in aure ya mutu ki fita da akwatinki. Kunya kam suna da ita har ta yi yawa. Jinin al'ada ba a kiran sunansa, sai a ce "babbar inna ta zo", kamar yadda muke cewa fashin sallah. A 2022 sai da ƙasar ta ɗauki gardama don wata ta nemi a riƙa sayar da audugar mata a jirgin ƙasa, aka ce mata wannan kayan sirri ne.

Yarinya ma tana da tata gaskiyar. Mata sun fi rabin ɗaliban jami'o'insu. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha a nan, mace ce mai suna Tu Youyou ta jagoranci tato shi daga wani ganye ɗan'uwan tazargade, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Liu Yang ta je sararin samaniya a 2012, Wang Yaping ta fita wajen kumbo a 2021, ko da yake abin da aka fi yayatawa a kanta shi ne alkawarin da ta yi wa 'yarta cewa za ta tsinko mata tauraro. Amma ki gaya wa 'yarki, a 2022 da aka naɗa mutum 24 na ƙolin jam'iyyar gurguzu mai mulki, babu mace ko ɗaya, kuma ƙaramin kwamitin da ke saman wannan mace ba ta taɓa shigarsa ba tun da 'yan gurguzu suka karɓi mulki.

Shawarata, ki bar ta ta je, in an tabbatar gurbin na gaske ne daga makarantar kanta ba daga bakin dillali ba. Abin da zai dame ta can sanyi ne da kaɗaici da kewar tuwo, ba lalacewa ba. Abincin halal akwai shi, gidajen taliyar Musulmi suna ko'ina. Kada ki tunkari Baffa da gardama, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, liman ko babban amininsa, a zauna. Ita kuma ta daina cewa can ne aljannar mata, wannan maganar ce take ƙara tunzura shi. Zancen kwantai kuwa, ƙawar nan tawa shekararta 36 yanzu, ba ta yi aure ba, ita take biya wa ƙanin da aka haife ta don ta jawo shi bashin gidansa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni saurayi ne ɗan shekara 31, ina harkar riɗi tsakanin Gumel da Maigatari. Lefe ya hana ni aure. Wani abokina ya ce a Caina ba lefe ba sadaki, soyayya kawai. Haka ne?

AMSA: Ƙanena, abokinka dokin mai baki ya hau. Da samarin ƙauyen Caina za su ji abin da kake kuka a kai, da sun roƙe ka ku yi musanye. Suna da abin da suke kira caili, kuɗin da gidan ango ke kai wa gidan amarya. A wasu ƙauyukan lardin Jiangxi yakan kai yuwan dubu ɗari biyu ko fiye, abin da manomi zai yi shekaru yana tarawa, kuma ban da gida a birni da mota. Abin ya kai gwamnatin tsakiya tana ambatonsa a takardar manufofinta ta karkara, kotun ƙoli kuma ta fitar da ƙa'idojin mayar da shi in aure ya watse, suka fara aiki a Fabrairun 2024.

Tuzuru a can sunansa reshen da ba ganye. Har rana gare su, 11 ga Nuwamba, don lambobin ranar sanduna ne huɗu a tsaye, kamfanin Alibaba ya mayar da ita ranar cin kasuwa. Da na ji haka sai na tuna tashen gwauro na Kano da azumi.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne wa ake zagi a kan tsadar. Budurwar. Ana ce mata mai bautar zinare, kamar yadda ku kuke cewa mai idon cin naira. A 2010 wata yarinya ta faɗa a wani shirin neman aure na talabijin cewa gara ta yi kuka a cikin BMW da ta yi dariya a bayan keke, har yau da wannan jimlar ake yi wa matan ƙasar baki ɗaya gori. Alhali kuɗin nan sau da yawa ba hannunta yake shiga ba, iyaye ne ke karɓa su yi wa ɗansu namiji aure da shi. An sayar da ita don a saya wa ƙaninta mata, sannan ita ce mai kwaɗayi. Nan ne sadakinmu ya bambanta, don a shari'a haƙƙinta ne ita kaɗai, ko da yake kai ma ka san gidajen da ba ta ko ganin ƙurarsa.

Ƙarshen wannan ƙarancin mata ba daɗi. Ana safarar 'yan mata daga ƙasashen Biyetnam da Bama (Myanmar) da Pakistan, da kuma lardunan ƙasar masu talauci. A Janairun 2022 aka ga bidiyon wata uwar 'ya'ya takwas a gundumar Feng ta lardin Jiangsu, ɗaure da sarƙa a wuya cikin wani ɗan ɗaki ba ƙofa, ana tsakiyar hunturu. Da farko jami'an yankin cewa suka yi aure ne na halal, ita ce ba ta da lafiyar ƙwaƙwalwa. Sai da jama'a suka ƙi yin shiru aka amsa cewa sayo ta aka yi daga Yunnan. An ɗaure mutumin shekara 9 a 2023.

Kai dai ka je ka zauna da iyayen yarinyar ka faɗi ƙarfinka. Kuma kafin ka ƙara kukan akwati shida, ka tambayi babanta nawa gado da katifa da jeren kwanuka za su ci masa.

TAMBAYA: Yaya, ni malamar firamare ce a ƙasar Gaya. Idan babban mutum ya nemi mace da lalata a wajen aiki ko makaranta, a can tana iya fitowa ta faɗa? Ina da dalilin tambaya.

AMSA: Na ji dalilin da ba ki faɗa ba, ƙanwata, kuma na ba ki amsa ta daban a akwatinki. Ga ta fili.

Tana iya faɗa, amma ba a ba ta tabbacin maganar za ta kwana ba. Ina can ranar 1 ga Janairun 2018 wata tsohuwar ɗaliba, Luo Xixi, ta rubuta abin da malaminta na wata jami'a a Bijin ya yi mata shekaru da suka wuce. Aka bincika aka sauke shi. Sai ɗalibai suka yi ca, kowa da nata labarin, irin abin da muka gani a nan da ArewaMeToo a 2019. Masu tace intanet suka toshe taken gangamin, wato MeToo. Kin san 'yan mata da dabara: taken da Turanci "mi tu" ake furta shi, a yarensu kuwa mi shinkafa ce, tu kuma zomo. Sai suka koma sa hoton kwanon shinkafa da kan zomo. Ƙawata ta turo mini, na zaci gayyatar cin abinci ce.

Doka ta motsa, ba a musu. Akwai dokar hana dukan iyali tun Maris ɗin 2016, kundin dokokin 2021 kuma ya ambaci cin zarafi ta hanyar lalata ƙarara. Abin da hukuma ba ta ɗauka shi ne mata su haɗa kai su yi magana da bakinsu. A Maris ɗin 2015 an tsare wasu mata biyar kwana 37 don sun shirya raba 'yan takardu a motocin haya kan masu shafar mata a cunkoso. Zhou Xiaoxuan ta kai ƙarar wani shahararren mai gabatar da shiri a talabijin ɗin gwamnati, shi ya musanta, kotu ta ce hujja ba ta isa ba a 2021, ɗaukaka ƙara ma ta faɗi a 2022. 'Yar wasan tanis Peng Shuai ta yi rubutu a kan wani tsohon mataimakin firaminista a Nuwamban 2021, cikin kamar rabin awa rubutun ya ɓace, daga baya ta ce ba a fahimce ta ba ne. 'Yar jarida Huang Xueqin, wadda ta taimaka wa mata da dama fitar da labarinsu, an yanke mata shekara 5 a 2024 bisa zargin tunzura jama'a a kan hukuma.

Abin da ya faru a birnin Tangshan ya fi tsaya mini. A Yunin 2022 wani ya dafa bayan wata a gidan cin gasasshen nama, ta ture hannunsa, shi da abokansa suka yi wa ita da ƙawayenta dukan kawo wuƙa a gaban kyamara. An ba jagoransu shekara 24. Amma a bakin hukuma labarin ya zama na 'yan daba, ba na abin da mace ke gamuwa da shi in ta ce a'a ba, kuma dandalinsu na sada zumunta, Weibo, ya rufe shafukan da ya ce suna haddasa gaba tsakanin jinsi. Kalmar haƙƙin mata a yarensu sautinta ɗaya da "damben mata", da haka ake yi wa masu magana ba'a, ko a ce 'yan koren ƙasashen waje ne. Wannan zargin na ƙarshe ba sai na fassara miki shi ba.

TAMBAYA: Malama ce ni a Islamiyyar matan aure a ƙasar Birnin Kudu. Matan Musulmi fa, yaya suke a can?

AMSA: Malama, Allah ya ƙara ilimi. Ba hali ɗaya suke ciki ba. Matan ƙabilar Uigur na yankin Xinjiang a talabijin kullum cikin rawa da kayan ado ake nuna su, amma tun 2017 doka ta hana rufe fuska a yankin, kuma alƙaluman gwamnati da kansu sun nuna haihuwa a can ta faɗi kusan rabi tsakanin 2017 da 2019, daidai lokacin da ake roƙon sauran mata su ƙara. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 akwai alamu masu ƙarfi na tilasta tsarin iyali, Bijin ta musanta.

Musulmin ƙabilar Hui kuwa suna da abin da zai burge ki: masallatan mata zalla, da malamarsu da ke koyar da karatu da tsarki da wankan gawa. Abin ya tuna mini da 'Yan Taru na Nana Asma'u da jajinsu. A birnin Kaifeng akwai wanda yake tsaye tun 1820, na je shi wata Juma'a. Tsofaffi ne yawanci, da fararen huluna da 'yan mayafai, an dafa ruwan alwala saboda sanyi. Da na karanta Fatiha sai suka kewaye ni suna taɓa lallen hannuna. Wata tsohuwa da haƙoranta ba su fi huɗu ba ta gyara mini mayafi, ta sa ƙawata ta tambaye ni shekaruna. Na ce 33. Ta ce maigida fa? Na ce mun rabu. Ta dafe ƙirji, ta riƙe hannuna gam ta ce kada in tafi tukuna, akwai ɗan ƙanwarta mai gidan taliya a bakin kasuwa, yana sallah, kuma gidan da sunansa yake.